Yadda za ka haɗa na'urar daidaita zafi ta PID don akwatin ƙyanƙyasar ƙwai

Daminar da na fara gwada ƙyanƙyasar ƙwan zabi a cikin tsohon firij, ƙwai sittin na zuba, 'yan tsaki goma sha tara na kwasa. Sauran na zauna a gindin katanga na fasa su ɗaya bayan ɗaya. Wasu baragurbi ne tun asali, amma da yawa tsakon ya haɗu sarai, har da gashinsa, ya mutu a cikin ɓawo. Abin da ke kula da zafin akwatin a lokacin ɗan allon nan ne mai jar lamba da ake kira W1209, wanda aikinsa kunnawa da kashewa kawai. Kana kwance da dare kana jin sa, ƙat, can kuma ƙat. Da na sa ido a kan lambar sai na ga tana kai-komo tsakanin digiri 36 da ɗoriya zuwa 39. Laifin ba nasa ba ne, ni ne na ɗora masa hita mai ƙarfin da ya fi akwatin, na kuma rataye ma'aunin inda bai dace ba. Shi dai iya abin da ya sani ke nan: wuta gaba ɗaya, ko babu wuta gaba ɗaya.

Ƙwan kaza yana son digiri 37.5 zuwa 37.8 a akwatin da fanka ke juya iskar cikinsa, kuma kwana 21 yake yi. Na zabuwa kwana 26 zuwa 28, na talo-talo 28. Sanyi na ɗan lokaci ba ya cika kashe tsako, domin kaza ma tana tashi daga kwanci ta je kiwo ta dawo. Zafi ne ba ya yafiya. In ya haura 40 ya jima a can, an yi asara.

Abin da PID yake yi, a taƙaice

Dubi mai tuyar ƙosai. Ba ta jira mai ya huce sannan ta zuba itace fal, ba ta kuma jira ya fara hayaƙi sannan ta kashe wutar. Iza wutar take yi kaɗan-kaɗan, tana janye itace ɗaya in ta ga abin zai wuce. Abubuwa uku take dubawa ko da ba ta lissafa su ba, kuma su ne haruffan nan uku.

P shi ne gibi: tsakanin zafin da ake da shi yanzu da wanda ake so, nawa ya rage? Gibi babba, wuta babba. Gibi ƙarami, wuta ƙarama. Matsalarsa shi kaɗai ita ce in gibin ya kusa rufewa wutar ma ta kusa mutuwa, alhali akwatin yana ci gaba da zubar da zafi ta bango da ƙofa. Sai ka ga zafin ya tsaya cak a 36.4 ya ƙi ƙarasawa.

I shi ne tari: yana tara ɗan gibin da ya rage, daƙiƙa bayan daƙiƙa, yana ƙara wuta a hankali har sai gibin ya rufe. In an zauna daidai, kusan duk wutar da hita ke sha daga tarin nan take fitowa. Shi ne ke "tuna" cewa wannan akwatin, a wannan daren, yana bukatar kashi arba'in cikin ɗari na wuta kafin ya tsaya a inda ake so.

D shi ne gudu: da wane sauri zafin yake hawa ko sauka? In yana hawa da sauri, a rage wuta tun bai iso ba. Birki ne. A akwatin ƙwai amfaninsa kaɗan ne, za ka ga dalili a gaba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Nicolas Minorsky ne ya rubuta lissafinta a 1922, yana nema wa jiragen ruwan yaƙin Amurka hanyar tuƙa kansu, bayan ya lura da yadda matuƙi ke murza sitiyari: yana duba kaucewar da jirgi ya yi yanzu, da wadda ta daɗe, da saurinta. Abin da a da sai babban jirgi ko masana'anta, yau guntun allo mai tsawon ɗan yatsa yana yin sa.

Kayan aiki

Na zaɓi a yi komai da wutar batir mai bolt 12, saboda dalilai biyu. Na farko, kwana 21 wutar gari ba za ta tsaya maka ba, kowa ya sani. Na biyu, bolt 12 ba ya kisa in hannunka ya taɓa waya, 230 na wutar gari kuwa yana yi.

Ƙwaƙwalwar na'urar Arduino Nano ce, mai ɗauke da ATmega328P. Ma'aunin zafi DS18B20, tare da rezista ɗaya mai om 4,700. Abin da zai riƙa buɗe wa hita wuta yana rufewa shi ne taransistar MOSFET mai lamba IRLZ44N, da rezista biyu, mai om 220 da mai om 10,000. Kula da harafin L ɗin nan na tsakiya. In mai shago ya ce babu, ya miƙo maka IRFZ44N ko IRF540 ya ce duk ɗaya ne, kada ka karɓa. Waɗancan sai da kusan bolt 10 suke buɗewa sosai, Arduino kuwa 5 take bayarwa, don haka za su buɗe rabi-rabi su yi ta ɗaukar zafi.

Hita: ƙwan fitilar mota guda biyu masu wat 21, irin na sigina ko birki, da za ka samu wurin kowane mai kayan mota. Biyun sun ba da wat 42, suna jan kimanin amfiya uku da rabi. Wannan ya ishi kula babba ko ƙaramin firij mai ɗaukar ƙwai hamsin zuwa ɗari in ba ya yoyon iska. Ina fifita biyu a kan ɗaya babba, domin in ɗaya ya mutu cikin dare ɗayan zai riƙe akwatin da ɗumi kafin gari ya waye. Sai fankar kwamfuta mai bolt 12, da ɗan allon rage wuta LM2596 da zai sauke 12 zuwa 5, da fiyus mai amfiya 5, da tsohon W1209 ɗinka in kana da shi. Kada ka jefar, yana da aiki. Sai ƙarfen narka dalma, da mita, da ma'aunin zazzaɓi na kemis.

Lissafin batir ba wuya. Batir mai amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma in irin na ruwa ne ko na jel, rabi ya kamata ka sha in kana son ya yi ƙarko, wato 600. In hita tana shan kashi arba'in cikin ɗari, wat 17 ke nan, ka ƙara na fanka da Arduino ya zama wajen 21. Raba 600 da 21, ka samu awa 28. Da farantin sola matsakaici a kai, an wuce wurin.

Mataki na farko: akwatin kansa

Wannan ne mutane ke tsallakewa da gudu don su kai ga rubuta umarni, kuma a nan yawancin asarar take. Na'urar ba ta ganin ƙwai. Abin da ma'auni ya faɗa mata kawai ta sani. In ma'aunin yana kusurwa mai sanyi, za ta dafa ƙwan da ke tsakiya da zuciya ɗaya, tana nuna maka 37.6 a allo.

Ka ɗaura fitilun a sama, fanka a bayansu tana hura iska ta kansu, yadda iskar za ta bi bango ta sauko ta zagaya ta dawo. Fankar ta haɗu da batir kai tsaye, kada ta taɓa tsayawa. Tsakanin fitilu da ƙwai ka sa ɗan falle na gwangwani ko alminiyam, domin hasken fitila yana gasa abin da ya faɗa wa kai tsaye, ko da iskar wurin ba ta yi zafi ba. Ma'aunin kuma ya rataya a tsakiyar tire, daidai tsayin saman ƙwai, a cikin iska, ba ya taɓa bango, ba ya taɓa ƙwai, haske ba ya dukansa.

DS18B20 iri biyu ne a kasuwa: tsirara mai ƙafa uku kamar taransista, da wanda aka cusa cikin bututun ƙarfe mai doguwar waya. Mai bututun ya fi jure danshi, amma yana da nawa, sai ƙarfen ya ɗau zafi kafin na ciki ya ji. Jinkirin nan shi ne babban maƙiyin PID, domin na'urar tana yanke hukunci ne a kan labarin da ya riga ya tsufa. Ni tsiraran nake amfani da shi, in shafe ƙafafunsa da gam bayan na liƙa waya.

Ka huda ƙananan ramuka kaɗan sama da ƙasa, tsako yana numfashi ta ɓawo. Ka ajiye faranti mai ruwa a ƙasa saboda danshi. Sannan ka jera robobin ruwa biyu ko uku a rufe a gefe. Ruwa yana riƙe zafi, in ka buɗe ƙofa ka rufe akwatin zai dawo daidai da wuri.

Mataki na biyu: haɗa wayoyi

Daga jan kan batir, fiyus ne farko, kusa da batir ɗin sosai. Batir ba ya kisa ta hanyar jan mutum, amma in wayoyi biyu suka haɗu zai narkar da su ya ta da gobara. Bayan fiyus wayar ta rabu uku: fanka, LM2596, da fitilu.

Kafin ka haɗa LM2596 da Arduino, ka ɗora mita a bakin fitarsa, ka yi ta murza ɗan sukurun da ke kan shuɗin akwatinsa har mita ta nuna 5.0. Wani lokaci sai ka murza sau goma ko fiye kafin lambar ta motsa, kada ka ɗauka ya lalace. In ta zauna a 5, ka kai ta ƙafar Nano mai alamar 5V, baƙar kuma GND. Ana iya ba Nano 12 ta ƙafar VIN, amma batirin da ke kan cajin sola yana haura 14 da rana, ɗan abin rage wutar da ke kan allon zai yi ta ƙuna.

Ma'auni: in mai bututu ne, ja zuwa 5V, baƙa zuwa GND, rawaya zuwa D2. In tsirara ne, ka fuskanci gefen da ke da rubutu, ƙafafu suna kallon ƙasa: ta hagu GND, ta tsakiya D2, ta dama 5V. In ka juya shi zai yi zafin da zai ƙona maka yatsa cikin daƙiƙoƙi. Rezista mai om 4,700 tana shiga tsakanin D2 da 5V. In babu ita ba za ka samu karatu ba.

IRLZ44N, in ka fuskanci rubutunsa, ƙafar hagu ita ce G, ta tsakiya D, ta dama S. G tana zuwa D9 na Arduino ta cikin rezista mai om 220. Rezista mai om 10,000 tana tsakanin G da S, aikinta ta riƙe hita a kashe lokacin da Arduino ke farkawa ko in waya ta tsinke. S tana zuwa baƙin kan batir. D tana zuwa ɗaya gefen fitilu, ɗaya gefen kuma yana kan jar waya. Baƙar wayar batir da GND na Arduino dole su haɗu. Wayar da ke ɗaukar wutar fitilu ta zama mai kauri, a liƙa ta da dalma, kada ta bi ta cikin farin allon gwaji mai ramuka. Ƙarfen bayan taransistar a haɗe yake da D, kada ka bari ya taɓa jikin firij.

Yanzu W1209. In MOSFET ya mutu, yawanci a buɗe yake mutuwa, wato wuta na wucewa gaba ɗaya, kuma babu umarnin da zai iya kashe ta. Don haka ka ratsa jar wayar fitilu ta cikin makunnin W1209, ka rataye nasa ma'aunin kusa da naka, ka saita shi ya yanke wuta a 38.8. Muddin komai lafiya, ba za ka ji motsinsa ba. Ranar da ka ji ƙat ɗinsa, ka tashi ka duba.

Mataki na uku: gwada gaskiyar ma'auni

Kamfanin da ya ƙera DS18B20 ya yi alkawarin kuskurensa ba zai wuce rabin digiri ba, sama ko ƙasa. A wasu ayyukan wannan ba komai ba ne, a ƙwai kuwa rabin digiri yana iya sa ƙyanƙyasa ta zo da wuri ko ta makara. Ga kuma jabu da suka cika kasuwa. Ma'aunin zazzaɓi na kemis ya fi shi daidai a tsakanin 35 da 42, domin don wannan zangon aka yi shi.

Ka zuba ruwa mai ɗumi a fulas, wajen digiri 38. Ka sa ma'auninka a leda in tsirara ne, ka ɗaure shi tare da na zazzaɓin, ka tsoma, ka juya ruwan, ka jira minti biyar. Na zazzaɓi yana riƙe lamba mafi girma da ya gani, saboda haka ka kashe ka sake kunnawa duk lokacin da za ka karanta. Ka yi sau uku. In na kemis ya ce 37.9 naka ya ce 37.6, gyaranka 0.3 ne, kuma shi za ka rubuta a wurin GYARA a cikin umarnin da ke ƙasa.

Mataki na huɗu: umarnin

Ka sauke manhajar Arduino a kwamfuta, ka shigar da laburare biyu, OneWire da DallasTemperature. Yawancin Nano na kasuwa suna amfani da guntun CH340, sai ka shigar da direbansa kafin kwamfuta ta gan su. In lodi ya ƙi shiga, ka koma wurin zaɓen firosesa ka zaɓi mai tsohon bootloader. Wannan kaɗai ya taɓa cinye mini yini guda.

Akwai laburaren PID da Brett Beauregard ya rubuta, mai kyau ne, mutane da yawa da shi suke aiki. Amma lissafin gajere ne, gara ka rubuta da hannunka don ka san abin da kake murzawa.

```
#include <OneWire.h>
#include <DallasTemperature.h>

OneWire waya(2);
DallasTemperature maauni(&waya);

const int HITA = 9;
const float BURI = 37.6;
const float GYARA = 0.0;
const float DT = 2.0;

float Kp = 80, Ki = 0.12, Kd = 0;
float tari = 0, gudu = 0, naBaya = 0;
unsigned long agogo = 0;

void setup() {
  pinMode(HITA, OUTPUT);
  analogWrite(HITA, 0);
  Serial.begin(9600);
  maauni.begin();
  maauni.setResolution(12);
  maauni.requestTemperatures();
  naBaya = maauni.getTempCByIndex(0) + GYARA;
}

void loop() {
  if (millis() - agogo < 2000) return;
  agogo = millis();

  maauni.requestTemperatures();
  float danye = maauni.getTempCByIndex(0);
  if (danye < 0 || danye > 45) {
    analogWrite(HITA, 0);
    return;
  }

  float zafi = danye + GYARA;
  float gibi = BURI - zafi;
  gudu = 0.9 * gudu + 0.1 * (zafi - naBaya) / DT;
  naBaya = zafi;

  float fita = Kp * gibi + tari - Kd * gudu;
  if (fita > 0 && fita < 255) tari += Ki * gibi * DT;
  tari = constrain(tari, 0, 255);

  analogWrite(HITA, (int)constrain(fita, 0, 255));
  Serial.println(zafi);
}
```

Ƙafar D9 ba ta rage bolt, kunnawa da kashewa take yi sau 490 a daƙiƙa, ta tsawaita lokacin kunnawa ko ta gajarta shi. Lamba 0 kashe ne, 255 cikakkiyar wuta, 102 kashi arba'in cikin ɗari. Ido ba ya ganin ƙyaftawar, sai dai ka ga fitila ta dushe ko ta ƙara haske.

Layuka biyu ne a ciki suka fi sauran muhimmanci. Na farko wanda ke duba ko karatun ya faɗi ƙasa da sifili ko ya haura 45. In waya ta tsinke, laburaren yana mayar da -127. Na'urar da ba a gargaɗa ba za ta ɗauka akwatin ya daskare, ta sakar wa hita wuta har ƙwai su dahu. Haka kuma ma'aunin yana faɗin 85 in wuta ta ɗan yanke masa ya farka bai auna ba. Duka biyun ƙarya ne, amsarsu a kashe hita.

Na biyu shi ne sharaɗin da ke kan tari. Ka kunna akwatin da asuba yana digiri 22, gibi ya kusa 16. Hita tana iyakar ƙoƙarinta, ba ta da abin ƙarawa. In ka bar tari yana taruwa duk tsawon wannan lokacin, kafin a kai 37.6 ya cika ya batse, kuma sai zafin ya wuce buri sosai kafin ya sauke abin da ya tara. Shi ya sa aka ce kada ya tara komai sai wutar tana tsakanin 0 da 255. Haka abin yake duk lokacin da ka buɗe ƙofa don juya ƙwai.

Mataki na biyar: saiti

Ba a fafe gora ranar tafiya. Saiti da akwati babu ƙwai ake yi, amma da robobin ruwa a madadinsu, da farantin danshi, da ƙofa a rufe, yadda dai zai kasance ranar aiki. Lambobin Kp, Ki da Kd da na sa a sama, wato nauyin da ake ba P, I da D, na farawa ne kawai, kowane akwati da halinsa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka sa akwatin ya yi lilo da gangan, ka auna lilon. Karl Åström da Tore Hägglund na jami'ar Lund a Suwidin ne suka fito da ita a 1984. Ka mayar da Ki da Kd sifili, ka sa Kp ya zama 100000. Da haka na'urar ta koma kunna-kashe zalla. Ka buɗe tagar zane ta manhajar Arduino, ka bar zafin ya hau ya sauka sau huɗu ko biyar. Abu biyu za ka rubuta: daƙiƙa nawa ne daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa, da rabin tazarar da ke tsakanin sama da ƙasa.

A ce zafin yana kaiwa 38.2 ya sauka 37.0, kuma zagaye ɗaya minti biyar ne. Rabin tazara 0.6, lokaci daƙiƙa 300. Rabin ƙarfin hita 127.5. Ka ninka shi sau huɗu, 510, ka raba da 3.14 sau 0.6, ka samu kusan 270. Wannan lambar ita ce iyakar Kp da in ka kai ta akwatin zai yi ta lilo ba tsayawa.

Daga nan sai ƙa'idar John Ziegler da Nathaniel Nichols, injiniyoyin kamfanin Taylor da ke Rochester a jihar New York, wadda suka wallafa a 1942. In P da I kaɗai za ka yi amfani da su, Kp shi ne 0.45 sau 270, wato 122. Lokacin tari shi ne 300 a raba da 1.2, wato 250. Ki kuma 122 a raba da 250, kusan 0.49. Sai dai ƙa'idarsu tana da zafin nama. Tana kai wa buri da sauri amma tana zarcewa kafin ta dawo, mu kuma zarcewar ce ba ma so. Ni nakan ɗauki ƙasa kaɗan da kashi ɗaya cikin uku na iyakar, wajen 85, in ninka lokacin zagaye sau biyu da ɗan ƙari, wajen 660, Ki ya zama 0.13. Ya fi nawa, amma ƙwai ba sauri suke ba.

Ga dalilin da na bar Kd a sifili. A cikakkiyar ƙa'idar, Kp zai zama 162, Kd kuma ya haura 6,000. DS18B20 yana tafiya ne taki-taki, kowane taki 0.0625. Taki ɗaya cikin daƙiƙa biyu, in aka ninka da 6,000, ya kusa 190 cikin 255. Wato ɗan motsin da ba komai ba zai sa fitila ta yi tsalle daga duhu zuwa cikakken haske. Layin gudu da ke cikin umarnin yana tace wannan, amma duk da haka sai in ka ga zafin yana zarcewa bayan rufe ƙofa sannan ka gwada Kd, ka fara da 500 ka ƙara a hankali.

Bayan ka sa lambobin, ka buɗe ƙofa na rabin minti, ka rufe, ka kalli zanen. In yana lilo da sauri, rage Kp. In lilon mai faɗi ne, na minti goma ko fiye, Ki ne ya yi yawa. In ya tsaya ƙasa da buri yana jan ƙafa, ƙara Ki. Lamba ɗaya za ka canza a lokaci guda, ka rubuta a takarda, ka jira aƙalla rabin awa. In lilo ya ƙi tsayawa duk yadda ka rage, bar lambobin ka koma kan ma'auni da fanka, jinkiri ne ya yi yawa.

In an dace, layin zai miƙe tsakanin 37.5 da 37.7, fitilu suna ci a dushe ba ƙyaftawa. Ka bar shi kwana biyu cur kafin ka zuba ƙwai, don ya ga sanyin asuba da zafin azahar. Za ka lura da rana fitilun sun ƙara dushewa. Ban da ɗumin gari, batir ya haura 14 a kan caji, hita ta ƙara ƙarfi, tari kuma ya ja da baya da kansa.

In da wutar gari za ka yi

Lissafin bai canza ba, amma MOSFET ba zai yi ba, sai makunnin SSR, wato irin wanda ba shi da ƙarfe mai motsi a ciki. Shi kuma ba ya bin ƙyaftawa 490 a daƙiƙa, domin wutar gari mai zagaye 50 ce, kuma irin da aka fi sayarwa yana jiran ta ratsa sifili kafin ya kunna. Sai ka yanka lokaci gida-gida na daƙiƙa biyu: in lissafi ya ba da 102 cikin 255, ka kunna na daƙiƙa 0.8, ka kashe na 1.2. Jabun SSR sun yi yawa, abin da aka rubuta a jiki ya fi abin da ke ciki, don haka ka sayi wanda ya ninka bukatarka sau da yawa, ka ɗaura shi a kan ƙarfen sanyaya. Duk wayar 230 ta shiga cikin akwati mai murfi. In ba ka saba da ita ba, ka kira mai gyaran wuta.

Bazara da hunturu

Abin da PID ba zai iya ba shi ne sanyaya. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, zafin rana yana haura 40, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi haka. Hita za ta mutu murus, fanka tana ƙara nata ɗan ɗumin, tsakin da suka girma a cikin ɓawo su ma suna fitar da zafin jikinsu, sai lamba ta yi ta hawa na'urar tana kallo. Maganin yana wajen akwati: ɗakin ƙasa mai kaurin bango ko wanda ke ƙarƙashin inuwa, akwatin a ƙasa ba a kan tebur ba, jiƙaƙƙen buhu a kewaye. Kana iya ƙara fanka ta biyu a kan wani MOSFET ta riƙa fitar da iska in zafi ya wuce 38.2, amma tana amfani ne kawai in iskar ɗakin ta fi ta ciki sanyi. Sa'ar da aka yi, zabi da damina suke zuba ƙwai, lokacin da gari ya yi sauƙi.

Da hunturu kuma matsalar bushewa ce. Ana son danshi kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari har kwana uku kafin ƙyanƙyasa, sannan a ɗaga shi zuwa 65 ko 70. Faɗin fuskar ruwa ne ke ƙara danshi, ba zurfinsa ba, don haka faranti biyu masu faɗi sun fi kwano ɗaya mai zurfi. Ruwan da za ka ƙara ya zama mai ɗumi. In ka zuba na randa, za ka ga fitilu sun haska tsawon lokaci kafin su lafa.

Juya ƙwai aƙalla sau uku a yini, ka yi wa kowanne alama da fensir gefe da gefe don kada ka rikice. Na kaza ka daina juyawa a rana ta 18, na zabi wajen ta 24 ko 25. Daga nan ƙofa ta zauna a rufe. A kwanakin nan za ka ga fitilun sun dushe fiye da kullum, wani lokaci kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Kada ka taɓa saiti. Tsakin ne suka fara ɗumama akwatin da jikinsu, tari kuma ya janye musu wuta daidai gwargwado.